Daga Agadas Zuwa Maska: Abin da Mai Hawan Dutse Yake Hangowa



Kwamitin shirya taro ya nemi mu yi magana a kan hawan dutse. Mun san akwai waɗanda suka yi murmushi da suka ga wannan take a takardar gayyata, domin kuwa garin da yake neman hanya da asibiti da takin zamani, ina shi ina zancen hawan dutse? Muna roƙon a ba mu aron kunne. Za mu fara nisanta da ku zuwa arewa, can bayan Damagaram, sa'an nan mu komo gida, kuma muna fata kafin mu zauna za a ga inda zaren ya haɗu.

A bakin yawancin mutanen biranenmu, idan aka ambaci Agadas, abin da ake nufi shi ne ƙarshen duniya: rairayi, zafin rana, raƙumi da ƙishirwa. Sanin da ɗan Kaduna ko ɗan Legas ya yi wa ƙasar Asbin bai wuce Buzun da ke gadi a ƙofar gidan maƙwabcinsa yana dafa shayi ba. Ko direbobin manyan motoci da suke bin hanyar, da yawansu zango kawai suka ɗauki garin, a sha mai, a kwana, asuba ta gari a wuce. Alhali kuwa wannan gari yana cikin tarihinmu tsundum. Gobirawa suna ba da labarin cewa daga Asbin suka gangaro. Tun ƙarni na 15 aka kafa sarautar Agadas, kuma ta nan ayarin fatake yake bi tsakanin Katsina da Kano da garuruwan Arewacin Afirka. Kantun gishirin Bilma da kakanninmu suke ba dabbobinsu, Abzinawa ne suke kawo shi a kan raƙuma, su koma da gero da baƙin yadi. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da kansa ya je Agadas neman ilimi wurin Malam Jibrilu ɗan Umaru. Har yau kuma Hausa ce harshen kasuwar garin.

Amma gari yakan yi tashe kuma yakan kwanta. Da ciniki ya juya ya koma bakin teku, sai hanyar hamada ta fara mutuwa. Baturen nan ɗan ƙasar Jamus, Heinrich Barth, wanda ya yi yawo a ƙasashenmu da sunan Abdulkarim, ya sauka Agadas a watan Oktoba na 1850, ya tarar da unguwanni da yawa sun zama kango, ya ƙiyasta mazaunanta ba su wuce 7,000 ba. (Kada wani Bakatsine ya yi dariya, domin da ya iso Katsina a farkon 1851, ita ma ya same ta a cikin katafariyar ganuwa da mutane ƙalilan, kusan adadin na Agadas.) Bayan haka sai yaƙin Kawsan na 1916 zuwa 1917, wanda Faransawa suka murƙushe da ƙarfin bindiga, suka kashe malamai, jama'a da yawa suka watse zuwa kudu. Sa'an nan farin 1973 da na 1984 suka share dabbobi. Ko da aka fara haƙar yuraniyam a Arlit a 1971, arzikin a kan manyan motoci yake ratsawa ya wuce, garin kuwa ƙura ce rabonsa.

To, me ya sa aka sake waiwayar Agadas? Duwatsun da ke bayanta ne. Daga arewacin garin tsaunukan Asbin suke farawa, su miƙa ɗaruruwan kilomita, kuma a cikinsu akwai tudun Bagzan, wanda ƙololuwarsa ta kai mita 2,022, babu inda ya fi ta tsawo a duk Jamhuriyar Nijar. A shekarun 1980 baƙi suka riƙa zuwa. Iri biyu ne. Akwai 'yan tseren motoci na Faris zuwa Dakar, waɗanda suke shigowa da ƙara da hayaƙi, su kwana ɗaya ko biyu su wuce. Waɗannan sun sa sunan garin a talabijin, amma ba su ga kome ba. Akwai kuma masu tafiya a ƙasa, waɗanda suke ɗaukar ɗan jagora da jakuna ko raƙuma, su yi mako guda ko biyu suna hawa da gangara. Su ne suka ga abin da ba a gani daga tagar mota.

Wanda ya hau Bagzan da ƙafa, bayan ya sha wahalar hanya mai tsakuwa da manyan duwatsu, sai ya tarar da ƙauyuka a bisa, da idanun ruwa, da lambuna kore shar. A ƙasar da ruwan sama na shekara bai cika wuce milimita 150 ba, ana noma alkama, masara, albasa, tafarnuwa, dankalin Turawa da tumatir. A kwarin Timiya akwai dabino da lemo da rumman har da inabi, akwai kuma inda ruwa yake zubowa daga kan dutse. Manomi yana ɗaura wa sa ko raƙumi igiyar guga, dabbar ta ja, ruwa ya kwarara a ƙananan magudanai zuwa fangali bayan fangali, ba a ɓarnar ko da moɗa guda. Albasar da suke nomawa tana cika manyan motoci zuwa kasuwannin kudu. A wani wuri da ake kira Dabus, kakannin kakanni sun sassaƙa siffar raƙumin dawa a jikin dutse, tsawonsa ya haura mita 5, shaidar cewa wannan hamada ta taɓa zama dausayi mai ciyawa da namun daji. Mutumin da ya ga waɗannan abubuwa, idan ya sauko ya sake shiga Agadas, da wani ido yake kallonta. Sai ya fahimci dalilin da ya sa aka kafa gari a daidai wannan wuri, a bakin tsauni, inda ruwan kwazazzabai yake gangarowa ya ɓuya a ƙarƙashin rairayi, inda mai lambu da makiyayi da falke suke haɗuwa. Hasumiyar masallacin Juma'a, wadda aka fara ginawa a farkon ƙarni na 16 aka kuma sabunta a 1844, mai tsawon mita 27 da zallar ƙasa da itace, sai ta tashi daga tsohon gini ta zama alamar da ayari yake hangowa ya san ya tsira.

Abin da ya fi jan hankalinmu a wannan labari shi ne abin da ya faru ga 'yan garin su kansu. Samarin da suke ganin dutse wahala ce kawai, wurin kiwon awaki da karyewar jaki, suka wayi gari sanin hanyoyin dutsen ya zama sana'a. Wanda ya san sunan kowane kwari da kowace rijiya ya zama abin nema. Maƙeran azurfa suka sami kasuwa, dukawa da masu saƙar tabarma haka nan. Mano Dayak, wanda filin jirgin saman Agadas yake ɗauke da sunansa a yau, da wannan sana'a ta kai baƙi cikin tsaunuka ya fara yin suna kafin ya shiga siyasar tawaye, ya rasu a haɗarin jirgin sama a Disambar 1995. Hukumar UNESCO ta sa tsaunukan Asbin da hamadar Tenere cikin wuraren tarihi na duniya a 1991.

Ba za mu ɓoye muku ƙarshen labarin ba, domin a ciki akwai gargaɗi. Tawayen farkon shekarun 1990 ya kori baƙi, suka dawo bayan sulhun 1995, har jirage suka riƙa tasowa daga Faransa kai tsaye a lokacin sanyi. Tawaye na biyu ya ɓarke a 2007. Aka soke tseren Dakar na 2008, daga 2009 kuma aka kwashe shi zuwa Kudancin Amurka. Aka sace ma'aikatan kamfanin yuraniyam a Arlit a 2010. Daga nan kasuwar ta mutu murus, 'yan jagora da yawa suka koma jigilar masu ƙetara hamada zuwa Libiya ko haƙar zinariya. Duk wanda ya gina tattalin arzikinsa a kan baƙon da ke zuwa daga nesa, ranar da baƙon ya ji tsoro tukunyarsa ba za ta hau wuta ba. Sai dai akwai abin da bai tafi tare da baƙin ba. A 2013, lokacin da otal-otal suka zama wayam, a lokacin ne aka sa tsohon garin Agadas cikin jerin UNESCO, domin masu garin sun riga sun san darajar abin da ke hannunsu, sun kuma iya bayyana shi.

Yanzu mu komo gida.

Maska ba hamada ba ce. Ruwan da muke samu a shekara yakan kai milimita 1,000, wani lokaci ya haura, ƙasarmu kuwa ita ce masana tarihi suke kira Katsina Laka saboda nauyinta da albarkarta. Amma a wajen raini, ƙaddararmu da ta Agadas sun yi kama. Marigayi Dokta Yusufu Bala Usman, a littafinsa kan tarihin Katsina daga 1400 zuwa 1883 wanda aka buga a 1981, ya nuna yadda garuruwan wannan yanki irin su Maska da Gozaki suka bunƙasa a kan auduga da baba da saƙa da rini, tun kafin jihadi. Tufafin da ake saƙawa a rina a kudancin ƙasar Hausa su ne suke tafiya arewa a musanya da gishiri. Ashe ke nan tsakaninmu da Asbin akwai tsohuwar hulɗa ta kasuwa, ko da jikoki sun manta.

Abin da teku ta yi wa Agadas, shi jirgin ƙasa ya yi wa Maska. Da Turawa suka shimfiɗa layin dogo daga Zariya zuwa Ƙauran Namoda, wanda aka kammala a 1929, ta Funtua ya bi. Injin gurzar auduga na kamfanin Turawan Ingila a Funtua aka kafa shi. Kantunan kamfanoni, tasha, hanyoyin mota zuwa Gusau da Katsina da Birnin Gwari, duk a can suka haɗu. Sarauta ma ta bi hanya, shi ya sa har yau Hakimin Funtua yake amsa sunan Sarkin Maska. Da Bankin Duniya ya kawo shirin bunƙasa noma a 1975, ɗaya daga cikin uku na farko a Nijeriya tare da na Gusau da na Gombe, sunan Funtua aka sa masa, ko da yake gonakinmu na cikin waɗanda suka koma masara a dalilinsa. Ba muna faɗin haka don hassada ba ne. Funtua tamu ce, da yawanmu a can muka yi makaranta, a can muka yi aure. Amma sakamakon shi ne, yaron da aka haifa a Kaduna ko Abuja, idan aka tambaye shi garinsu sai ya ce Funtua, in an matsa masa ya ce wani ƙauye ne a kudu da ita. Idan an kawo shi hutun Sallah, kwana biyu ya fara tambayar ranar komawa, yana ƙorafin wuta da layin waya. Daga cikin mota zuwa zaure, daga zaure zuwa cikin mota, me zai gani da zai so?

Hawan dutse ya shigo wa wasu daga cikinmu ne ta hanyar da ba ta da alaƙa da tarihi ko kaɗan. Likita ne ya ce a rage tumbi, a motsa jiki saboda hawan jini da ciwon suga, cututtukan zaman ofis da zaman shago. Mazauna Abuja suka shiga sahun masu fita ranar Asabar da sassafe zuwa duwatsun da suka kewaye birnin. Na Zariya suka nufi Kufena, na Kano suka riƙa taka matakalar Dala da Goron Dutse. Da aka saba, sai ya zamana ko an zo gida ƙafa ba ta son zama. Aka fara fita bayan sallar asuba, a ratsa gonaki, a nufi duk wani tudu ko fa da aka hango. Duwatsun ƙasarmu, daga wajen Funtua zuwa Faskari, Ƙanƙara da Malumfashi, ba su kama ƙafar na Asbin ba. Yawancinsu mai matsakaicin ƙarfi zai kai bisa cikin rabin sa'a. Amma da yake ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, ɗan tudu kaɗan ya isa ya buɗe wa mutum nisan tafiyar yini.

Abu na farko da ido yake kamawa daga bisa shi ne hanyar ruwa. A ƙasa mutum yana ganin rafi nan, fadama can, kowanne da sunansa, kamar ba abin da ya haɗa su. Daga sama sai ya ga koren zare guda ne yake lanƙwasa tsakanin jajayen gonaki, rake da kayan lambu da mangwaro suna biye da shi. Kuma sai ya lura cewa ruwan ba gefe guda yake gangarawa ba. Muna zaune ne a kan doron ƙasa, kimanin mita 700 sama da teku. Gulbin Sakkwato, wanda ya ratsa Gusau, aka tare shi a Bakolori, ya je ya haɗu da Rima kafin ya faɗa Kwara, a kusa da Funtua ya samo asali. Ruwan da ya sauka ta ɓangaren kudu kuwa Kogin Kaduna yake nufa. Wato manomin shinkafa a Talatar Mafara da masunci a ƙasar Nupe duk suna shan abin da ya fara zuba a kan gonakinmu. Yaron da aka nuna masa wannan da yatsa, yana tsaye iska tana kaɗa rigarsa, da wuya ya sake cewa garinsu bayan duniya ne.

Abu na biyu shi ne itatuwa. Ɗorawa da kaɗanya a warwatse suke cikin gonaki, domin manomi ne ya bar su da gangan saboda kalwa da man kaɗe. Amma inda aka hango kukoki sun yi cincirindo a fili babu gida ko ɗaya, to a nan mutane suka taɓa zama, kufai ne. Idan aka sauka aka je wurin, sau da yawa za a tarar da katangar tukwane a ƙasa, ko dutsen niƙa da ya lotsa, ko kashin maƙera inda aka narka tama. Wani lokaci gona takan bi wani layi mai lanƙwasa wanda ba shi da dalili a idon mai tafiya a ƙasa, sai daga bisa a gane cewa gefen tsohuwar ganuwa ko gwalalo take bi. Marigayi Farfesa Abdullahi Smith na Jami'ar Ahmadu Bello ya daɗe da jawo hankali cewa manyan garuruwan Hausa da dama a gindin duwatsu suka tsiro: Kano a gindin Dala, Zazzau a Turunku da Kufena, haka kuma Kwatarkwashi. Dalilan a bayyane suke ga wanda ya hau. Ruwan da ya zuba a kan fa ba ya nutsewa, gangarowa yake ya taru a gindi, don haka rijiyar wurin ba ta saurin ƙafewa, ƙasar kuma tana da dausayi. Daga bisa ana hango ƙurar mahara tun suna nesa. A cikin kogo ana ɓoye mata da yara da hatsi. Kakanninmu ba su karanta ilimin ƙasa a jami'a ba, amma ba su yi kuskuren wurin zama ba.

Akwai kuma abin da dutsen kansa yake riƙe da shi. A tsagoginsa ne ake samun ararraɓi, wanda masu magani suke nema, da gamji da ɓaure da suka kafa saiwa inda babu ƙasa ko tafin hannu. Akwai rema, akwai kazar dutse da ake jin kukanta kafin a gan ta, akwai hazbiya da shaho.  Dutse ne mafakarsu.

A nan ne muka ga wani abu da ya kamata mu faɗa a gaban iyayenmu. Duk tafiyar da muka yi, wanda ya fi kowa amfani a cikinmu ba mai digiri ba ne. Maharbi ne, ko makiyayi, ko tsohon da ya yi shekara sittin yana noma a gindin dutsen. Shi ya san ta inda ake hawa ba a zame ba, ya san kogon da ƙudan zuma suke, ya san ramin da kububuwa take kwana. Ya san sunan kowane fa da dalilin sunan, da wanda ya fara sarar dajin, da shekarar da rijiyar gindin ta ƙafe. Hausawa suna cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Mu kuwa mun ga cewa idan yaron ya hau tare da babban, su biyun suna ƙaruwa. Mun ga ɗan jami'a ya fito da waya yana ɗaukar muryar tsoho, tsohon kuma yana gyara zama, domin ya daɗe ba a tambaye shi kome ba sai lafiyar ƙafa. Irin waɗannan dattawa kowace shekara raguwa suke, kuma babu wanda ya rubuta abin da ke kansu.

Su ma duwatsun ba su tsira ba. Duk mai bin hanyoyin Arewa ya ga yadda ake fasa dutse da nakiya ana niƙa tsakuwa don gine-ginen birane, kuma gidajen da mu mazauna birni muke ginawa suna cikin masu cin wannan tsakuwa. Ba mu ce a hana sana'ar ba, mutane suna ci da ita. Amma akwai bambanci tsakanin fa da ba shi da kome da wanda yake ɗauke da kufai ko rijiya ko maƙabartar farko ta gari, kuma mai injin fasa dutse ba zai tsaya tambaya ba idan masu garin ba su riga sun tantance ba. Dutsen da ya shekara miliyan ɗaruruwa a tsaye, damina biyu ta isa a mayar da shi rami. Haka masu gawayi suke bin itatuwan gindin dutse, waɗanda su ne suke riƙe ƙasa; idan suka tafi, ruwan da yake shiga rijiya sai ya koma zaizayar gona. Tsofaffin karofi kuwa, inda aka rina tufafin da suka sa sunan yankin nan ya kai nesa, a garuruwa da yawa an cike su da shara an yi gini a kai.

Sai maganar da kowa yake jira, wato tsaro. Ba za mu tsaya a nan mu ce wa kowa ya ɗauki 'ya'yansa ya nufi daji ba. Dukkanmu mun san abin da ƙananan hukumomin Faskari, Sabuwa, Dandume da Ƙanƙara suka gani a hannun 'yan bindiga, kuma ba wanda ya manta daren 11 ga Disamba 2020, lokacin da aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. Duwatsun da suka fi kyau da tarihi a yankinmu, na wajen Kogo da na Pauwa, suna ɓangaren da mai hankali ba zai je yawon buɗe ido ba sai masu ƙasar sun tabbatar masa. Abin baƙin ciki ne a ce kogon da kakanni suka ɓuya daga mahara, a zamaninmu maharan ne suka san hanyarsa fiye da jikokin masu shi. Amma wannan ma dalili ne na riƙe abin da ya rage a kusa da gida. Wurin da jama'a suke zuwa a kai a kai, da rana tsaka, da sanin dagaci da mai unguwa da 'yan sintiri, ya fi wuyar zama maɓoya fiye da wanda aka yi wa ƙaura.

Saboda haka abin da muke nema daga wannan ƙungiya ba shi da tsada, kuma ba mu zo da maganar otal ko jiran Turawa ba. Labarin Agadas ya ishe mu darasi a kan wannan. Baƙin da muke so su ne 'ya'yanmu. Muna roƙon a keɓe safiya guda a cikin hutun Sallah, lokacin da yawancinmu muke gida, a fita tare zuwa wuri mafi kusa wanda iyayen ƙasa da jami'an tsaro suka amince da shi a wannan makon, in ba su amince ba a fasa, a zaga cikin gari a nuna wa yara inda marina da maƙera da ƙofofin gari suke a da. Masu jagora su kasance mutanen wurin, kuma a biya su da kuɗi mai mutunci daga asusun ƙungiya, kada a sallame su da godiya da goro. Ɗalibanmu na Zariya da Katsina da Dutsinma, musamman masu karatun tarihi da ilimin ƙasa, su ɗauki nauyin rubuta sunayen duwatsu da rafuka da kufai kamar yadda dattawa suke faɗinsu, a buga a wannan mujalla kashi-kashi, a kai kwafi fadar hakimi da sakatariyar ƙaramar hukuma, domin ranar da mai neman izinin fasa dutse ya zo a sami takardar da za a buɗe masa. Kuma kada a bar 'yan mata a gida suna wanke-wanke. Su ma garinsu ne, su ne kuma za su ba 'ya'yansu labari.

Ga waɗanda za su fita, ƙarshen damina ya fi kyan gani, domin iska a wanke take, ana hango nesa, sai dai fa yana da santsi kuma ciyawa tana ɓoye maciji. Da hunturu hawa ya fi sauƙi amma hazo yakan rufe kome. Da bazara kuwa duk wanda bai sauko kafin ƙarfe tara ba, tafin ƙafarsa zai ba shi labari. A sa takalmi mai kama ƙasa, a bar silifa da babbar riga a gida, kowa ya riƙe gorar ruwansa, kada a fesa turare saboda zuma. Mai hawan jini ya sha maganinsa ya kuma tambayi likitansa tukuna, in ya gaji a tsakiya ya zauna, ba gasa ake ba. Wanda ya ga katanga ko dutsen niƙa ya ɗauki hoto ya bar shi inda ya same shi.

Sakataren ƙungiya yana da takarda a bakin ƙofa ga duk wanda yake son a sa sunansa ko na 'ya'yansa, da kuma wanda ya san wani dattijo da ya kamata a fara zuwa wurinsa tun yana da ƙarfin magana.

Shugaban taro, mun ci lokaci fiye da yadda aka ba mu, a gafarce mu.